Idan Katafila Ta Ci Karo da Tsohon Gini

 

An nemi in yi magana a kan abin da ke faruwa idan ana tsakiyar aikin gini, ko na hanya, ko na layin dogo, sai bakin katafila ya daki wani abu mai tauri, a duba a ga jerin jan bulo ne da hannun ɗan Adam ya aza, ƙasa ta binne shi tun kafin kakannin kakanninmu. Na ji daɗi da na ga masu sana'ar gini sun cika zauren nan, domin maganar tawa ta fi shafar ku a kan malaman tarihi. A yau, a ƙasashe da dama, wanda ke fara ɗora ido a kan tsohon gini binnanne lebura ne mai diga, ko direban motar haƙa, ko helumansu. Malamin jami'a yana zuwa ne daga baya, in an kira shi. Abin da waɗannan mutane suka yi a kwana biyu ko uku na farko shi ke yanke hukuncin ko za a san labarin wurin, ko kuwa ya tafi har abada. Zan kai ku wurare biyu da hakan ta faru, ɗaya a Pakistan, ɗaya a Italiya, sannan mu leƙo gida.

A lardin Panjab na Pakistan ta yau, kusa da garin Sahiwal, a gefen tsohuwar hanyar kogin Rabi, akwai wani gari da ake kira Harappa. A bayansa akwai manya-manyan tuddai. Mutanen wurin sun daɗe da sanin cewa duk inda ka kafa diga a tuddan nan jan bulo za ka tono, gasasshe, mai kusurwa daidai, mai ƙwari. Suna ɗiba suna gina gidajensu. Ba na ganin laifinsu sosai, don ɗiban mai jaki ba ya cinye birni.

Babbar ɓarnar ta zo ne da jirgin ƙasa. A ƙarshen shekarun 1850 Turawan Ingila, waɗanda ke mulkin yankin a lokacin, suka shiga shimfiɗa layin dogo tsakanin Lahor da Multan. Injiniyoyin da ke nan sun san layin dogo ba ya zama sai da tsakuwa a ƙarƙashinsa, ita ke riƙe katakai da ƙarafa, ita ke barin ruwa ya tsiyaye. Ƙasar Panjab kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, laka ce da koguna suka tara, dutse sai an yi tafiya mai nisa kafin a same shi. Ga kuma tuddan Harappa a kusa da hanya, cike da bulo, ba mai gadi, ba mai cewa nasa ne. 'Yan kwangila suka zuba leburori, ana rushe bango, ana farfasawa, ana lodi, ana zubawa a ƙarƙashin layi.

Akwai wani sojan injiniya mai suna Alexander Cunningham, wanda daga baya ya zama shugaban farko na hukumar binciken kayan tarihi ta Indiya da aka kafa a 1861. Ya ga Harappa a 1853 da 1856, lokacin manyan bangaye suna nan. Da ya koma a 1872 zuwa 1873 don ya yi tono, sai ya tarar an kwashe su. A rahotonsa ya ƙiyasta cewa bulon da aka ɗiba ya isa shimfiɗa kimanin mil 100 na layin dogo, wato kilomita 160, kusan nisan Kano zuwa Zariya. Ku tsaya ku auna wannan a ranku: tafiyar mota ta awa biyu, duk abin da ke ƙarƙashin ƙarfen jirgi bangon ɗakin wani ne, ko bakin rijiyarsa, ko lambatun unguwarsu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda ya san girman abin da ake rushewa, har shi Cunningham ɗin. Ya ɗauka kufai ne na zamanin addinin Buda. Ya ga wani ɗan hatimi na dutse, an sassaƙa sa a jikinsa, da haruffa shida da ba wanda ya iya karantawa, ya buga hotonsa a 1875. Da ya ga san ba shi da tozo irin na shanun Indiya, sai ya yanke cewa baƙon abu ne da aka shigo da shi daga wata ƙasa. Aka bar maganar nan kusan shekara hamsin.

Sai a 1921 Daya Ram Sahni ya fara tono na tsanaki a Harappa. A 1922 Rakhal Das Banerji ya fara nasa a wani kufai mai suna Mohenjo-daro a lardin Sind, kusan kilomita 600 daga can. Aka haɗa abin da suka samu, sai ga hatimai iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, bulo iri ɗaya. A watan Satumba na 1924 John Marshall, shugaban hukumar a lokacin, ya sanar wa duniya a wata mujallar Landan. Cikin 'yan makonni masanan tarihin tsohuwar Iraki suka rubuto cewa sun ga makamantan waɗannan abubuwa a kufan da suka haura shekara dubu huɗu. Nan aka gane cewa tsakuwar layin Lahor ragowar ɗaya ce daga cikin tsofaffin biranen duniya, birnin da ya bunƙasa tsakanin shekara ta 2600 da ta 1900 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, tsarar dalar Masar.

Mohenjo-daro ta tsira daga 'yan kwangila, don haka a can ne muke ganin irin abin da aka rasa a Harappa. Bari in ɗan tsaya a kan bulon kansa, don na san birkiloli za su fi kowa gane shi. Awonsa ɗaya ne a biranen nan duka: kauri kashi ɗaya, faɗi kashi biyu, tsawo kashi huɗu. Na gidaje yakan kai santimita 7 da 14 da 28. Duk wanda ya taɓa jera bulo ya san amfanin wannan awo, biyu a kwance sun yi daidai da ɗaya a tsaye, saboda haka ana iya sarƙa su, layi ya danne gaɓar layin da ke ƙasa, bango ya ɗaure kansa. Rijiyoyinsu, waɗanda suka kai ɗaruruwa a Mohenjo-daro kaɗai, da wani bulo na daban aka gina su, mai faɗi ta baya da tsukewa ta gaba, yadda in an jera shi zai zagaya ya kulle, ƙasa na matsa shi yana ƙara ƙarfi. Ruwan wanka yana fita daga gida ya faɗa lambatun da aka gina da bulo aka rufe samansa, yana bin gefen titi. Akwai wani babban kwarmin wanka mai tsawon kusan mita 12, faɗi 7, zurfi kusan biyu da rabi, an jera bulonsa dam-dam, an shafe bayansa da kwalta don kada ruwa ya yoyo. Maginin da ya yi wannan gwani ne, kuma an koya masa, shi ma ya koyar, har tsawon ƙarnoni, a ƙasar da ta fi arewacin Nijeriya faɗi.

Wani zai ce, to ai bulon Harappa bai ɓace ba, yana nan a ƙarƙashin layin dogo, mai so ya je ya ɗauko. Nan ne gundarin laccar tawa. Darajar tsohon bulo tana wurin da yake zaune: wane bango yake ciki, mene ne a ƙarƙashinsa, mene ne a samansa, wane tsingaro ne a gefensa, wane gawayi ne a kan daɓen da ya jingina da shi. Gawayin nan ake kai wa ɗakin gwaji a auna shekarunsa. Daga jerin ƙasa hawa-hawa ake gane wanne gini ya riga wanne. Ku tuna littafin malam na da, rubutun hannu, warƙa-warƙa a cikin gafaka ba ɗinki. In iska ta watsa shi a kasuwa, ko da an tsince kowace warƙa, matuƙar ba a san wadda ke bin wata ba, karatu ya lalace. Haka Harappa ta zama. Masu bincike sun ci gaba da aiki a can, Mortimer Wheeler a 1946, sannan wata tawaga ta Amurka da Pakistan tun daga 1986, kuma sun gano abubuwa masu yawa. Amma a wurare da dama ramin da ɓarayin bulo suka bari suke bi, su ce nan bango ya taɓa tsayawa, tunda ga gurbinsa cike da ɓaraguzai. Birni mai faɗin kusan hekta 150, ba za a taɓa zana taswirar titunansa da gidajensa yadda aka zana na Mohenjo-daro ba. Mohenjo-daro ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO tun 1980. Harappa, wadda da sunanta ake kiran wayewar gaba ɗaya, har yanzu tana jerin masu jira.

Yanzu mu tafi Roma. Birnin yana gina layinsa na uku na jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ake kira Layin C, tun 2007. Injiniyoyin sun san inda suke aiki, don haka suka nutsa ramin jirgin can ƙasa, ƙarƙashin inda mutane suka taɓa zama. Amma tasha dole ta ɓullo sama, haka ramukan shan iska, kuma duk inda aka huda sai an ratsa shekaru dubu biyu da ɗoriya. A ƙarshen 2015, ana haƙa tashar da a lokacin ake kira Amba Aradam, sai aka ci karo da bangayen bulo a zurfin mita 9. An sanar a watan Mayun 2016: barikin soja ne na zamanin sarki Hadriyan, wanda ya yi mulki daga 117 zuwa 138 Miladiyya. Ɗakuna 39 a jere, suna fuskantar wani dogon lungu da ya haura mita 100, wasu da daɓen ƙananan duwatsu farare da baƙaƙe, wasu da fenti a bango har yanzu. An kuma sami kabari guda mai ƙasusuwan mutum 13. A 2017, a wani ramin shan iska da ke kusa, aka tono ginin da gobara ta ci a ƙarni na uku, katakon rufinsa ya zama gawayi amma siffarsa tana nan, ga kuma ƙasusuwan kare a kwance inda wutar ta ritsa da shi. A 2018 aka sanar da gano gidan kwamandan barikin a zurfin mita 12, ɗakuna 14 kewaye da tsakar gida mai maɓuɓɓugar ruwa.

Dalilin da ya sa barikin ya tsira shi ma abin lura ne. Lokacin da sarki Aureliyan ya fara zagaye Roma da ganuwa a shekara ta 271, ganuwar ta bi ta gefen wurin. Aka tashi sojojin, aka rage tsayin bangayen, aka cike ɗakunan da ƙasa. Cikon nan ne ya adana su.

Me hukuma ta yi? Tasha ba ta matsawa. Rushewa kuma doka ba ta yarda ba. Sai aka auna kowane bango, aka ɗauki hotonsa, aka sa wa kowane yanki lamba, aka yanka bangaye da daɓe gunduwa-gunduwa aka ɗaga su aka adana, aka ci gaba da haƙa, aka sake zanen tashar yadda za a mayar da kowane yanki gurbinsa, fasinja ya riƙa gani. An kuma canja wa tashar suna zuwa Porta Metronia, don tsohon sunan na wani dutse ne a Habasha inda sojojin Italiya suka yi yaƙin mamaya a 1936. Aikin ya ci kuɗi, ya ci lokaci, mutanen Roma sun yi ta ƙorafi a kan jinkirin Layin C, kuma suna da hujja. Duk da haka jirgi ya samu hanyarsa, bariki kuma yana nan.

Bulon Roma yana da wata baiwa da na Harappa ba shi da ita: yana faɗin shekarunsa. Masu gasa shi sukan buga masa hatimi tun yana ɗanye, da sunan mai gonar da aka ɗebi yumɓu, da sunan mai kula da murhu, wani lokaci har da sunayen manyan jami'ai biyu da ake kiran shekara da su. Akwai sanannen ginin nan mai ƙubba, Pantiyon. Rubutun da ke goshinsa yana cewa Agrippa ne ya gina shi, kuma an yarda da haka ƙarni bayan ƙarni. A 1892 wani Bafaranshe mai zanen gini, Georges Chedanne, ya duba hatiman bulon da ke cikin bangon, sai ga shi na farkon ƙarni na biyu ne, kusan ƙarni ɗaya da rabi bayan ginin Agrippa. Ashe sake gina shi aka yi aka maido da tsohon rubutu. Da an tsinci waɗannan bulo a juji, da ba su shaidi komai ba. Sun yi magana ne saboda an same su a cikin bangon.

Kada mu ɗauka Turawan yau sun fi kakanninsu na zamanin layin Lahor tausayin tarihi ne kawai. Doka ce ta canja, kuma sai da aka yi rigima ta canja. A 1989, ana shirin gina ofis a unguwar Southwark ta Landan, aka tono harsashin gidan wasan kwaikwayo na Rose, wanda aka gina a 1587. An riga an ba mai gini izini, motoci suna jira. 'Yan wasa da jama'a suka tare bakin wurin, aka yi ta ja-in-ja har aka sake zanen ginin ya tsallake kufan. A shekarar da ta biyo, 1990, gwamnatin Ingila ta fitar da ƙa'ida cewa a binciki fili kafin a ba da izinin gini, kuma mai ginin ne zai biya. A 1992 ƙasashen Turai suka sa hannu kan yarjejeniya mai irin wannan manufa a Baleta ta ƙasar Malta. Hikimar a fili take, ba a fafe gora ranar tafiya. In an san abin da ke ƙasa tun ana zane, gyara yana da araha. In sai katafila ta tono shi, kowace rana ta tsaiko asara ce, kuma wanda ke asara yakan so ya rufe bakinsa ya rufe ramin.

Mu dawo gida. Wani zai ce mu ginin ƙasa muka gada, tubali da makuba, ina ruwanmu da jan bulo? Yana da ruwa da mu ƙwarai. A jihar Yobe, kusa da Geidam, akwai kufan Birnin Ngazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarshen ƙarni na 15, ya zama fadar Borno fiye da shekara 300 har aka tashe shi a 1808. A cikin ganuwarsa ta ƙasa akwai ragowar gine-ginen jan bulo. Kusa da shi akwai Gambaru, ita ma da gasasshen bulo aka gina ta, kuma wani Bature matafiyi mai suna Denham ya ga bangayenta a 1823. A Nijar akwai Garumele a yankin Diffa. A Kanem ta ƙasar Cadi akwai Tiye, inda binciken Carlos Magnavita da abokan aikinsa a 'yan shekarun nan ya nuna wani babban gida mai katangar jan bulo na tsakanin ƙarni na 12 da na 14, har suna ganin mai yiwuwa nan ce Njimi, tsohuwar fadar Kanem. Wato gasa bulo a yankin Tafkin Cadi ya girmi zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru. Wuraren da na ambata waɗanda aka sani ne. Ƙasar da ke tsakaninsu faɗi gare ta, kuma ƙasa ce da za a yi ta gina hanyoyi da makarantu da gidaje a cikinta bayan shekarun tashin hankali.

Mun kuma san yadda sa'a ke aiki a nan. Masu haƙar kuza ne suka fara tono gumakan Nok a 1928, kuma sai da wani kai ya isa hannun wani mai binciken kufai, Bernard Fagg, a shekarun 1940 aka gane darajarsu. Tagullar Igbo-Ukwu, wani mutum ne ya same ta yana haƙa ramin ruwa a gidansa a ƙarshen shekarun 1930. Nawa ne suka faɗa hannun wanda bai kira kowa ba? Aiki da shiri kuwa ba baƙo ba ne a nahiyar nan. Kafin ruwan madatsar Kainji ya rufe tsohuwar Busa a shekarun 1960, an tura masu bincike sun tono abin da suka iya. Da aka shimfiɗa bututun mai daga Cadi zuwa gaɓar teku a Kamaru a farkon shekarun 2000, masu binciken kufai sun bi motocin haƙa ƙafa da ƙafa, suka rubuta wurare fiye da 400 a kan layi guda.

Dokar Nijeriya mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa, ta wajabta wa wanda ya ci karo da kayan tarihi ya sanar. Amma na san abin da ke ran ɗan kwangila da mai fili, kuma ba zan yi kamar ban sani ba. Yana tsoron a tsayar masa da aiki ba ranar ci gaba, kuɗin hayar katafila na tafiya, ko a ƙwace filin baki ɗaya. Lebura kuma ko ya ji tsoron ya taɓo gidan aljanu ya yi maza ya mayar da ƙasa, ko ya sa rai da tukunyar zinariya ya dawo da dare ya yamutsa wurin. Matuƙar gaskiya tana jawo wa mutum asara, kaɗan ne za su faɗe ta. A ganina gyaran yana hannun gwamnati: a sa kuɗin bincike cikin kasafin kowane babban aiki tun farko, a ƙayyade kwanakin da masu bincike za su yi su tashi, a biya ɗan kwangila kwanakin da ya tsaya. Sau da yawa abin da ake bukata awo ne da hoto da ɗibar samfuri, aikin 'yan kwanaki ko makonni, sannan gini ya ci gaba. Kaɗan ne ke kai matsayin barikin Roma.

Ku kuma da ke bakin rami, ga roƙona. In kun ga jerin bulo, ko daɓe, ko tarin tsingaro da toka da ƙasusuwa a inda ba a san an taɓa zama ba, ku janye mota daga wannan gefen ku ci gaba da aiki a wani. Kada a ciro komai don a nuna wa oga, kada a wanke, kada a kankare. Kowa yana da waya a aljihu: a ɗauki hoto daga sama da kuma gefen ramin yadda hawan ƙasa zai fito, a aje shebur ko tef a kusa don a gane girma, a rubuta zurfin, a rufe da tamfol, a sa mai gadi. Sannan a sanar da mai unguwa ko hakimi, a kira gidan tarihi mafi kusa, akwai a Kano da Kaduna da Jos da Maiduguri, ko sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ga shugabannin ƙungiyoyin injiniyoyi da na magina da ke zaune a gaba, ina roƙon ku sa wannan cikin horon da kuke ba direbobin motocin haƙa da helumomi, ku kuma nemi duk kwangilar hanya ko madatsa da za ta ratsa ƙasar Yobe da Borno ta zo da mai binciken kufai a cikin ma'aikatanta tun ranar da za a fara share daji.